Malam Ɗalhatu da Fiyanon da Ba Nasa Ba

Jawabin da Malam Abdurrahim Tela ya yi a taron tunawa da marigayi Malam Ɗalhatu Mai Rediyo, wanda ƙungiyar masu sana'ar hannu ta Rano da Kibiya ta shirya a ƙofar shagonsa, shekarar 2008.

Da sunan Allah nake farawa, Mai rayawa, Mai kashewa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu da iyalan gidansa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe wakilin Hakimi. Allah gafarta Malam, limamin unguwarmu. Dagatai da masu unguwanni da kuka taso daga Saji da Zurgu da Rurum Tsohon Gari, sannunku da hanya. Shugaban ƙungiyarmu da 'yan'uwa maƙera, kafintoci, teloli da masu gyara. Hajiya Fulera, mai ɗakin marigayi, da 'yarsa Huseina, da sauran iyayenmu mata da ke rumfar can. Sai ƙanen marigayi, Alhaji Mukhtar, wanda na ga an ba shi kujera mai hannu a sahun gaba, ya kuma cika ta. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

An ce ni zan yi magana saboda na fi kowa daɗewa da shi. Haka ne. Shagon ɗinkina da shagonsa, langa-langa ɗaya ce ta raba su tun muna da baƙin gashi. Duk tsakin da Ɗalhatu ya yi a duniya, ta kunnena ya bi ya wuce. Kuma ya yi tsaki da yawa, Allah ya jiƙansa.

Na san al'adar irin wannan taro. Mutum ya mutu sai a wanke shi tas, a ce bai taɓa ɗaga murya ba, ko ƙuda bai taɓa kora ba. Ba zan yi masa wannan ƙarya ba, domin da yana nan da ya ce in zauna.

Ya kasance mafaɗaci. Ya kasance mutumin da za ka yi wa sallama da rediyo a hannu, ya amsa a taƙaice, ya karɓe ta ya kai hanci ya shinshina, sannan ya ɗago ya ce, "Wa ya taɓa ta?" In ka ce ba kowa, sai ya ce, "To aljani ne ya sha sigari a cikinta?" Ya kasance ba ya sayar da dariya, ba ya kuma ba da ita aro. Amma ya kasance duk lasifikar masallacin da ta shaƙe, daga nan har Kibiya, shi ne zai hau kekensa ya je, ya dawo da ƙura har gira, bai sha ko ruwan kowa ba. Mun yi shekaru muna jin kiran salla tar, ba mu taɓa tambayar wa ke hawa tsani ba. Yanzu da lasifikar unguwarmu ta fara kukan akuya, mun sani.

Abu biyu ne kowa ya san shi da su a sana'a, kuma dole in faɗe su, domin labarin da zan bayar a kansu yake tafiya.

Na farko, fiyus. Ɗan siririn gilashin nan mai zaren waya a ciki. Mu mutanen nan, in fiyus ya tsinke, ba ma tambayar me ya tsinka shi. Sai mu nemi wayar jan ƙarfe, ko farar takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin sigari, mu naɗe shi, mu mayar, mu ce mun yi gyara. Wannan ɗabi'a tamu, Ɗalhatu ya tsane ta fiye da yadda ya tsani zazzaɓi. Yakan ce, "An sa maka mai gadi, ya ga ɓarawo ya yi ihu, kai kuma ka toshe masa baki ka koma barci."

Na biyu, ƙwan fitila. Bai taɓa haɗa kayan da ba su da lafiya da wuta kai tsaye ba. Yana da wani ƙwan lantarki a kan ɗan katako, sai wuta ta bi ta cikinsa kafin ta isa ga abin da ake gyarawa. In an kunna, ƙwan ya haska ya tsaya da haskensa, to akwai ciwo a ciki, wuta na zurarewa inda bai kamata ba, ƙwan ne ya tare ta. In kuwa ya haska sau ɗaya, sannan ya dushe ya koma ja-ja kamar garwashi, to lafiya lau. Ku riƙe wannan: mai ƙyalli da yawa shi ne marar lafiya. A kan ƙwan fitila nake magana, kada wani ya duba rigarsa.

To, ga abin da ke kan teburin can a lulluɓe da zane, kusa da rumfar mata. Fiyano ne. Ba irin na roba da yaran fim ke saɓawa a kafaɗa ba. Tsoho ne, gefensa katako, fuskarsa cike da 'yan kunnuwan murɗawa, nauyinsa sai ƙarti biyu.

Yaran yanzu ba su san Ticha Mensa ba. Mutumin Gana ne, ya koyar da lissafi a wata sakandare a nan ƙasar tamu, dogo, mai yawan gaisuwa da gurguwar Hausa. Fiyanon nasa ne. Ya kawo wa Ɗalhatu shi a bayan a-kori-kurar Alu Direba, wanda ga shi can zaune da sandarsa, domin yana gurnani in an kunna, muryarsa kuma na karkacewa in ya ɗauki zafi. Ɗalhatu ya gano kwandansa ce, 'yar gwangwanin nan mai tara wuta, ta gaji a ɓangaren wuta, ya canza. Kafin Ticha ya zo ɗauka, sai ga sanarwar nan ta gwamnatin wancan lokaci cewa baƙi su tattara su bar ƙasa. Ya zo da jaka ɗaya a hannu, idonsa jawur. Ina tsaye da almakashi a bakin ƙofa. Ya ce, "Malam, mota ba za ta ɗauka ba. Ka ajiye mini, zan dawo."

Ɗalhatu ya ce, "Na karɓa amana. Amma ka sani, ni ba na son kiɗa."

Ticha ya yi dariya da hawaye, ya tafi. Ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Kuma da gaske ba ya son kiɗan. Har ya koma ga Allah bai iya haɗa sauti biyu su yi daɗi ba. Amma ya ce irin waɗannan kaya in aka bar su a kwance cikinsu ruɓewa yake yi. Saboda haka lokaci-lokaci sai ya yaye zanen, ya haɗa ƙwansa, ya kunna, ya jira ya yi ɗumi, ya danna farin haƙori ɗaya. Sai in ji wani dogon sauti ta bayan langa-langa, kamar saniya mai ladabi tana neman izinin shiga gida. Sai ya kashe, ya rufe. Nakan ce, "Makaɗin Sarki, an gama wasan?" Yakan ce, "Ɗinka wandonka."

Haka muka yi ta tafiya har shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Kada a juya mini magana: mun yi murna. Ni da ƙafata na shiga mota zuwa Kano, na yi kabbara har muryata ta dishe. Shari'a daban, masu hawa bayanta su tsallaka katanga daban. A wannan shekara mun ga gemun da ya tsiro da sauri fiye da masara a fadama. Mun ga mutanen da jiya-jiya kaset ɗin kalangu ke tashi a motocinsu, yau suna duban rediyon maƙwabci kamar sun ga mushe.

Wata Laraba da hantsi, kasuwa ta fara cika, sai ga samari da sanduna a ƙofar shagon nan, wai an ce akwai kayan kiɗa a ciki, za su fitar su farfasa. Wa ke gabansu? Ƙanensa Alhaji Mukhtar. Lokacin yana da motocin haya biyu da sabon rawani. Alhaji, ka yi mini haƙuri, na ɗinka maka rigar sallarka ta farko, ina da ikon in tuna.

Ɗalhatu ya fito da ƙarfen liƙa dalma a hannu, da zafinsa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Wanda ya gaji da fatar hannunsa ya matso."

Allah ya kawo Malam Liman, wannan da ke zaune, yana dawowa daga jana'iza. Ya ce a dakata. Ya tambaya, "Kayan na wane ne?"

Wani yaro daga baya ya yi ihu, "Na gidansu Alhaji ne!"

Jama'a, ban taɓa ganin mutum ya yi tsalle daga magana kamar yadda Alhaji ya yi ba. Ya ɗaga hannu sama, ya juya gabas, ya ce, "Wallahi, tallahi, wannan abu ba na gidanmu ba ne! Na wani baƙo ɗan Gana ne, ajiya ya ba Yaya. Mu ba makaɗa ba ne, ubanmu bai bar mana kiɗa ba, ba mu da ko ƙusa a jikinsa!" Sau uku ya maimaita, don na bayan su ji. Kuma sun ji. Mai nama ya ji, mai goro ya ji, ni na ji.

Malam Liman ya ce, "To tunda ka rantse ajiya ce, ajiya ba a fasa ta, ko ta wane ne. Ku watse." Suka watse. Allah gafarta Malam, in na ƙara gishiri ka gyara mini. Kun gani, ya gyaɗa kai.

Shekaru suka shuɗe, siyasa ta kankama. Gemu ya koma ɗan daidai, rawani ya ba hula zanna wuri. Zaɓen bara ya matso, Alhaji ya fito neman kujera. Kun san yanzu ba a cin zaɓe sai da waƙa, waƙa kuma ba ta tashi sai da fiyano. Abin da aka zo fasawa da sanda ya zama abin nema da fitila. Wani mawaƙi da aka ɗauko daga birni ya ji labarin akwai tsohon fiyano a Rano mai muryar da na zamani ba su da ita. Aka aiko, Ɗalhatu ya ce a'a. Aka zo da fara'a, ya ce a'a. Aka zo da maganar zumunci, ya ce, "Zumuncin nawa ne, fiyanon ba nawa ba ne."

Sai ciwon sukari ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti Kano, Huseina ta bi shi jinya. Aka je gida aka sami Hajiya Fulera ita kaɗai, aka ce, "Yaya ne ya ce a ba da makullin shago." Hajiya, ki daina sunkuyar da kai. Tun ranar kike zargin kanki. Ke ƙanen miji kika gaskata, kuma ba laifi ba ne a gaskata ƙanen miji. Laifin yana wurin wanda ya san za a gaskata shi.

Aka kai fiyanon gangami Kibiya, rana tsaka, aka ɗora a kan buɗaɗɗiyar mota. Mai kula da wuta shi ne Gajere mai janareta, wanda duk ilminsa na lantarki shi ne ya ja igiya ya gudu. Janaretan nan irin mai haushi ne, ya yi sama ya yi ƙasa. Aka haɗa kai tsaye. Fiyus ya yi aikinsa, ya tsinke. Da a nan aka tsaya, da gyaran bai wuce a zare a sa wani ba. Amma jama'a sun taru, ɗan takara ya gyara babbar riga, mawaƙi ya riƙe makirfo. Aka ce, "Gajere, yi wani abu!" Gajere ya zaro kwalin sigari.

Waɗanda suka je sun ce ya yi sauti mai daɗi na ɗan lokacin da mutum zai sha moɗa ɗaya ta ruwa. Sannan hayaƙi ya turnuƙe. Aka dawo da shi cikin buhun taki, aka jingine a ƙofar shago, ko sallama babu. Zaɓen ma ba a ci ba, amma wannan ba laifin fiyano ba ne.

Ranar da Ɗalhatu ya dawo ya buɗe buhun, na zaci zan ji tsakin da zai tsaga langa-langa. Shiru na ji. Na leƙa. Yana zaune, ya kai hanci jikin katakon, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Audu, in mutumin nan ya sauka daga mota gobe, me zan ce masa? In kuma ni na riga shi tafiya, me zan ce a can?"

Daga ranar bai ƙara karɓar rediyon kowa ba. Ya bi wutar daki-daki kamar mai bin sawun ɓatacciyar tunkiya: daga filogi zuwa waya, daga waya zuwa makunni, daga makunni zuwa taransifoma. Taransifomar ta ƙone ƙurmus, irinta kuma babu a kasuwa. Ya warware ta, ya sake naɗa ta da hannu, zare bayan zare. Ya ce mini, "An gama." Ya haɗa ƙwan. Ƙwan ya haska fau, ya tsaya. Ya canza kwandansoshi da suka kumbura. Ƙwan ya haska, ya tsaya. Ya cire 'yan baƙaƙen nan huɗu masu miƙar da wuta, ya sa sababbi. Haka dai. Ya zargi abin da ya sayo, ya zargi mitarsa ta auna wuta, har ni ya zarga, wai keken ɗinkina na girgiza masa tebur. Gaskiyar ita ce ciwon ya ci idonsa, hannunsa kuma ya fara rawa, shi kuwa ba mutumin da zai yarda da haka ba ne da wuri.

Da ƙafa ta ƙi, aka mayar da aikin gida, Huseina ta zama hannunsa. Ga waɗanda ba su sani ba, Huseina ita ce ke gyara wa matan unguwa rediyo da wayar hannu a cikin gida, tana goyon ɗa tana riƙe da ƙarfen dalma. Ta gaji hannun, ta kuma gaji bakin. Na je dubiya na tarar suna yi.

"Auna can."

"Baba, na auna."

"Sake aunawa."

"Baba, mitar ba ta canza ra'ayi tun ɗazu ba."

"Ke da uwarki bakinku ɗaya."

Zuwan da na yi na ƙarshe, ya kama hannuna ya ce, "Akwai abin da ke ciki da idona ba ya gani." Bai ƙara maganar fiyano ba. Allah ya karɓi abinsa, ƙwan na nan yana haske.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ja ku wannan doguwar hanya. Ba a gama karɓar gaisuwa ba sai ga wani mutum daga Legas, mai yawon sayen tsofaffin kayan kiɗa yana tura wa Turawa. Ashe abin da aka jefar cikin buhun taki yana da daraja a can. Nan take ya sami dangi. Ranar Alhamis mai zuwa za a zauna rabon gado, marigayi kuma bai bar ɗa namiji ba, saboda haka Alhaji na da kasonsa, halak malak, ba mai hana shi. Amma na ji ana cewa a sa fiyano cikin kayan gado. Na ji ana cewa mai shi ya daɗe da mutuwa, kamar an je jana'izarsa. Na ji ana cewa ai gawa ce, ba ya ko motsi, a sayar a huta.

Ranka ya daɗe, Allah gafarta Malam, ni ba malami ba ne, tela ne. Amma ko tela ya san in mutum ya kawo yadi ya tafi bai dawo ba, 'ya'yan tela ba sa raba shi. Ni shaida ne. Alu Direba shaida ne. In kuma an ce mun tsufa, hankalinmu ya yi rauni, to muna da shaida na uku, mai ƙarfi a jika, Alhaji guda, wanda ya fuskanci gabas a tsakiyar kasuwa ya rantse sau uku cewa gidansu ba shi da ko ƙusa a jikin abin nan. Mu mun gaskata shi a ranar. Muna nan muna gaskata shi. Ba za mu yarda wani ya zo ya mayar da Alhajinmu maƙaryaci ba, ko da shi ne da kansa.

Saura maganar gawa. Bayan rasuwar, Huseina ta fitar da fiyanon tsakar gida da rana, ta kwance faifan wutar gaba ɗaya daga jikin katako, ta juya shi. A ƙarƙashi, a wani lungu, ta ga ɗan ƙyalli bai kai ƙwayar gero biyu ba. Guntun takardar sigarin Gajere ne, ya narke ya manne, ya haɗe hanyoyin wuta biyu da bai kamata su gaisa ba. Ta kankare shi da bakin allura. Ta sa sabon fiyus, na gaske. Amma ba ta kunna ba. Ta ce mini, "Baba Audu, ba ni da zuciyar da zan gani ni kaɗai." Don haka ni ma ban san abin da za mu gani ba.

Ba kiɗa za a yi ba, Malam, taron addu'a ne. Ƙwan kawai za mu duba. Wutar ta biyo ta sitabilaiza, kuma na tabbatar Gajere na can bayan rumfa, hannunsa cikin aljihu.

Huseina, 'yata, yaye zanen. Haɗa ƙwan mahaifinki. Yi bismillah.

Ya haska.

Ku dakata. Kada kowa ya yi magana.

Yana sauka. Kun gani? Na bayan ku miƙe ku gani. Ya koma garwashi. Alu, share idonka, kai ma ka gani. Alhaji, kai ne mafi kusa, duba da kyau, don ranar Alhamis kada a ce ba a gani ba.

Alhamdu lillahi. Ɗalhatu, ga abin da za ka ce a can.

Hajiya Fulera, nauyin ya sauka, ki yi barci. Huseina, ke kika ƙarasa, ke za ki riƙe. Ba kyauta muka ba ki ba, kaya muka ɗora miki, irin wanda mahaifinki ya ɗauka yana tsaki bai taɓa saukewa ba.

Muna godiya ga wakilin Hakimi da Malam Liman da iyayen ƙasa da suka zauna cikin rana suka saurari tsoho. Muna godiya ga ƙungiya da ta kafa rumfa, da matan da suka yi girki, da duk wanda ya taka ƙafa ya zo.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Ɗalhatu. Ka yafe masa zafin bakinsa, ka duba tsabtar hannunsa. Ka haskaka kabarinsa, ka sa duk kiran sallar da ya bi ta wayar da ya liƙa ya zame masa nauyi a mizani. Ka ba iyalinsa haƙuri. Ticha Mensa kuwa, in yana raye ka nuna masa hanyar Rano, in ya riga mu, ka nuna wa 'ya'yansa. Mu kuma da muka rage, ka tsare mu daga rantsuwar da za mu zo muna neman hanyar kewaye ta. Amin summa amin.

Huseina, kashe shi haka, ki mayar da zanen. Mai shi bai iso ba tukuna.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.